Raguwar Sha'awa Lokacin Jinyar Ciwon Ciki da Hanji: Tambayoyi da Amsoshi ga Hausawa Mazauna Saudiyya

Duk wanda ya daɗe yana raka 'yan uwa asibiti a Makka ko Jidda domin yi musu tafinta ya san wata tambaya da ba a yin ta a gaban likita. Sai an fito, an karɓi magani a saidaliyya, wato shagon magani, ana jiran mota, sannan dattijo zai ja mutum gefe ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, tun da na fara shan ƙwayoyin nan ban sake kusantar iyalina ba." Mata kuwa sau da yawa ba su furta ta ko kaɗan, sai dai wata Hajiya da ta girme su ta lura da ramar fuska da yawan shiru, ta matsa da tambaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a tsakanin masu fama da gyambon ciki, da ƙwannafin da ya ƙi jin magani, da ciwon da a nan ake kira kolon asabi (ciwon hanji mai sa murɗa da kumburin ciki da gudawa ko taurin bayan gida ba tare da gyambo ba), da cututtukan kumburin hanji guda biyu, wato gyambon babban hanji da cutar Kuron.

Ciwon ne da kansa yake kashe sha'awa, ko kuwa maganin da ake sha?

Kowannensu yana iya yi, amma ciwon da bai kwanta ba shi ne ya fi yawan laifi, kuma wannan ya saɓa wa abin da yawancin majinyata suke zato. Idan hanji yana cikin kumburi, jiki yana sakin sinadaran yaƙi da cuta a cikin jini, waɗanda suke sa kasala da rashin cin abinci, suna kuma rage umarnin da ƙwaƙwalwa take aika wa 'ya'yan maraina da ƙwan mace domin su samar da sinadaran sha'awa. Jikin da yake ganin yana cikin yaƙi yakan jingine maganar haihuwa zuwa wani lokaci. A kan wannan sai a ƙara ƙarancin jini, wanda yake addabar masu kumburin hanji ƙwarai saboda jinin da ke bin bayan gida kaɗan-kaɗan da kuma gazawar hanji wajen tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Mutumin da yake haki idan ya hau bene hawa biyu, wanda ya tashi sau huɗu cikin dare zuwa banɗaki, ba abin mamaki ba ne idan barci kaɗai yake nema a shimfiɗa.

Akwai kuma abin da ba a gani a gwajin jini: fargabar kada iska ta kuɓuce ko gudawa ta taso a tsakiyar saduwa, kumburin ciki bayan cin abincin dare, ƙwannafin da ke tasowa da zarar an kwanta, da kunyar jikin da ya rame ko ya kumbura. Waɗannan kaɗai sun isa su sa mutum ya riƙa jinkirta shiga ɗaki har sai abokin zamansa ya yi barci. Ita cutar Kuron, wadda aka raɗa wa sunan likitan Amurka da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932, tana da ƙarin wata wahala, domin takan haifar da ƙurji da ɓarakar da ke yoyo a kusa da dubura.

Likita ya tambaye ni ko sha'awa ce babu ko ƙarfi ne babu. Ba abu ɗaya ba ne?

Abubuwa uku ne mabambanta da mukan haɗa su a kalma ɗaya, kuma kowanne da hanyar bincikensa. Na farko shi ne sha'awa, wato marmarin da ke tasowa a zuciya. Na biyu shi ne amsawar jiki, miƙewar gaba ga namiji, ni'ima da rashin zafi ga mace. Na uku shi ne haihuwa. Mutum yana iya kasancewa da cikakkiyar sha'awa gabansa kuwa ya ƙi amsawa, kuma a irin wannan hali likita zai fi karkata ga duba ciwon suga da hawan jini da lafiyar jijiyoyin jini. Wani kuma yana farkawa da asuba ya tarar jikinsa lafiya lau, amma zuciyarsa ba ta kai wa ga abin, to a nan an fi duba gajiya da damuwa da magunguna. Saboda haka amsar da aka ba likita a kan wannan tambaya ita ce take nuna masa ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Waɗanne magungunan ciki ne aka san suna taɓa sha'awa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, domin da yawa daga cikin magungunan suna cikin jakunkunan mutanenmu ba tare da sun san aikinsu ba.

Kortizon shi ne na farko, musamman ƙwayoyin firednisolon da ake bayarwa idan kumburin hanji ya tashi. Magani ne mai ceton rai, yana kwantar da ciwo cikin kwanaki, amma idan aka daɗe a kansa yana rage sinadarin maza da ake kira testosteron, yana hana barci, yana sauya halin mutum daga fara'a zuwa saurin fushi ko baƙin ciki, yana tayar da suga, yana kuma kumbura fuska da ciki tare da fito da ƙuraje. Matar da ta dubi madubi ta kasa gane fuskarta ba za ta yi ɗokin a kunna fitila ba. Likitocin hanji ba su ɗauke shi maganin zama na dindindin ba, gada ce da ake bi zuwa wani maganin, don haka wanda ya ga an yi ta maimaita masa shi sau da dama a shekara yana da haƙƙin ya tambayi mene ne shiri na gaba.

Rukuni na biyu su ne magungunan tashin zuciya da kumburin ciki masu ɗaga sinadarin furolaktin, wanda asalin aikinsa shi ne kawo ruwan nono ga mai jego. A ciki akwai Primperan da Motilium, sai kuma Dogmatil da danginsa, waɗanda ake yawan rubuta wa masu kolon a ƙasashen Larabawa, wani lokaci a haɗe da wani magani cikin ƙwaya ɗaya. Idan furolaktin ya hau, sha'awa takan faɗi ga namiji da mace, al'adar mace takan rikice ko ta ɗauke, nono yakan yi ruwa ga wadda ba ta shayarwa, namiji ma ƙirjinsa yakan kumbura. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shan Primperan zuwa kwana 5 saboda illarsa ga jijiyoyi, amma na sha ganin wanda ya shekara yana haɗiyarsa kafin kowane cin abinci, domin an taɓa rubuta masa shi sau ɗaya ya ji daɗinsa. Wannan yana ba ni takaici matuƙa, saboda gyaransa mai sauƙi ne: idan likita ya janye maganin, furolaktin yakan sauko cikin ɗan lokaci.

Na uku shi ne tsohon maganin gyambon ciki mai suna Tagamet, wanda yake tare hanyar sinadarin maza, kuma idan aka sha da yawa na tsawon lokaci yana kawo raunin gaba da kumburin nono. Ɗan uwansa famotidin ba shi da wannan hali, don haka sauyawa ba ta da wuya.

Na huɗu su ne magungunan damuwa. Kada wanda aka rubuta wa su saboda kolon ya ɗauka likita yana ganin tabuwa gare shi, domin hanji da ƙwaƙwalwa suna da jijiyoyin da suka haɗa su, kuma ƙaramin awo na amitiriftilin yana rage zafin hanji ko ga wanda ba shi da wata damuwa. Sai dai rukunin su Prozac da Cipralex da Seroxat sun shahara da rage sha'awa da jinkirta biyan buƙata ga maza da mata. Akwai wasu a cikin magungunan damuwa da ba su cika yin haka ba, kuma likita yana iya rage awo ko ya sauya.

Na ƙarshe su ne magungunan zafi masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin. Abin baƙin ciki shi ne wasu samari suna shan tiramadol da sunan ƙara daɗewa, alhali daɗewa a kansa yana durƙusar da testosteron, yana ɗaure hanji, yana kama mutum ya kasa bari, ga shi kuma mallakarsa ba da takardar likita ba babban laifi ne a dokar wannan ƙasa.

Ni omefirazol kawai nake sha, sai maganin jarsumar ciki, wato ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, da na gama. Su ma suna ciki?

Omefirazol da danginsa ba su cikin magungunan da aka san suna kashe sha'awa kai tsaye. Abin lura shi ne shekaru a kansu suna iya rage tsotsar bitamin B12 da maganiziyam da ƙarfe, kuma ƙarancin waɗannan yana kawo kasala. Maganin jarsuma kuwa na kwana 10 zuwa 14 ne, yana sa ɗacin baki da tashin zuciya da gudawa, kuma duk wannan yakan wuce bayan an gama. Idan wata guda ya shuɗe ba a ga sauyi ba, a koma a tabbatar ƙwayar cutar ta mutu ta gwajin numfashi ko na bayan gida, a kuma nemi dalili a wani wajen.

Idan na tabbata maganin ne, me zai hana in ajiye shi na ɗan lokaci in gani?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada, kuma shi ne dalilin da ya sa aka rubuta wannan shafi. Wanda ya sha kortizon fiye da mako 3, ƙullutun da ke saman ƙodarsa sun rage samar da nasu na asali, kuma idan ya tsayar da shi rana ɗaya yana iya faɗuwa da amai da saukar hawan jini har ya kai ga rasa rai. Dole a janye shi a hankali bisa jadawalin likita. Magungunan damuwa ma idan aka yanke su kwatsam suna kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon.

Su kuma magungunan da ke riƙe kumburin hanji a kwance, irin su Pentasa da Imuran da allurar Humira da ƙarin ruwan Remicade, ba a san su da kashe sha'awa ba. Akasin haka ake gani: idan suka kwantar da ciwon, jini ya dawo, barci ya daidaita, sha'awa takan biyo baya. Wanda ya tsallake allurarsa don ya faranta wa iyalinsa, abin da ya fi yiwuwa shi ne ciwon ya tashi, a mayar da shi kan kortizon mai yawa, ya koma baya fiye da inda ya fara. Haka kuma tsallake irin waɗannan allurai yana iya sa jiki ya ƙirƙiri garkuwa a kansu su daina aiki, a rasa maganin da aka sha wahala kafin a samu.

Muna neman haihuwa. Akwai maganin da ya kamata mu yi hattara da shi?

Akwai biyu da ya wajaba a sani. Salazopyrin, wani maganin kumburin hanji, yana rage yawan ƙwayoyin maniyyi da kuzarinsu ga maza da yawa, ba tare da ya taɓa sha'awa ba, kuma abin yana gyaruwa cikin kimanin wata 3 bayan an sauya shi da mesalazin, wato sinadarin da ke cikin Pentasa, domin kusan tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan kafin ya ƙera sabon maniyyi. Sau da yawa matar ce ake ta kai wa wurin likitan mata da masu magani, alhali amsar tana cikin ƙwayar da maigida yake sha da safe. Na biyu shi ne metotireksat, shi ma maganin kumburin hanji, wanda yake nakasa jariri a ciki, don haka mace ba ta ɗaukar ciki tana kansa, sai an tsayar da shi watanni kafin lokacin bisa shawarar likita. Ban da wannan, lokacin da ya fi dacewa a ɗauki ciki shi ne sa'ad da ciwon yake kwance, kuma yawancin magungunan riƙe shi ana ci gaba da su har a haihu. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma ta sani cewa amai da gudawa mai tsanani suna iya hana ƙwayar aiki.

Wane tahlil, wato gwaji, zan roƙi likita ya yi mini?

A fara da ƙidayar jini da awon ajiyar ƙarfe da ake kira feritin, da bitamin B12, da bitamin D wanda ƙarancinsa ya yi yawa a nan duk da zafin rana, saboda mutane suna wuni a cikin inuwa da sanyin na'ura. Sai awon suga na wata uku, da aikin ƙullutun wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, da furolaktin, da alamun kumburi a jini da a bayan gida. Namiji yana iya buƙatar awon testosteron, amma da sharaɗi: a ɗibi jinin da safe kafin ƙarfe 10 ko 11, ba a ci komai ba, kuma idan ya fito ƙasa a maimaita a wata rana, domin awon da aka yi da yamma ko a tsakiyar tashin ciwo yana ruɗarwa. Mai aikin dare, kamar direbobi da masu gadi da masu aikin otal a lokacin Umara, ya gaya wa likita lokacin barcinsa.

Idan ƙarfe ne ya yi ƙasa, ƙwayoyinsa sukan dami mai ciwon hanji, kuma akwai na ƙarin ruwa ta jijiya wanda yake cike giɓin cikin zama ɗaya ko biyu. A kuma raba shayi da gahawa da lokacin cin abinci da kamar awa guda, domin suna hana ƙarfen shiga jiki, mu kuwa ba ma tashi daga faifan kabsa sai an kawo butar shayi.

A gida an ce basir ne ya ci ƙarfina, wasu sun ce sanyi ne, wasu sun ce sammu.

A bakin Bahaushe kalmar basir tana ɗauke da abubuwa da yawa: kumburin ciki, taurin bayan gida, jini a dubura, ciwon baya da raunin gaba. Lurar da magabata suka yi cewa mai ciwon ciki yakan rasa kuzari gaskiya ce. Inda matsalar take shi ne a magani, domin yawancin jiƙe-jiƙen basir masu sa gudawa ne, kuma mai gyambon hanji da ya sha su yana ƙara zubar da ruwa da jinin da ba shi da su. Mafi haɗari kuma, jinin da aka shekara ana kira basir yana iya zama kumburin hanji ko ma ciwon daji, wanda manzar ne kaɗai, wato na'urar leƙa hanji, zai bambance. Basir na ainihi, wato kumburin jijiyoyin dubura, ba ya rage sinadarin maza, sai dai zafinsa ya hana sakewa.

Game da sammu da shafar aljanu, addu'a da ruƙya ta shari'a ba su cin karo da asibiti, kuma babu likitan kirki da zai hana mutum karatun Alƙur'ani. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗora wa kishiya ko suruka laifin abin da awon furolaktin zai iya bayyanawa. Na ga zumuncin da ya tsinke a kan irin wannan zargi, kuma bayan an gano dalilin a asibiti ba a iya ɗinke shi ba.

Zumar ƙarin ƙarfi, kayan mata, Viagra ko allurar testosteron fa?

Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya da takwararta ta Amurka sun sha yin gargaɗi a kan zuma da gahawa da ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan ganye zalla, bayan an gano an zuba musu sinadarin Viagra ko Cialis a ɓoye, ba tare da an san adadinsa ba. Mai shan maganin zuciya na rukunin naitiret, irin wanda ake sakawa ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa da wannan sinadari hawan jininsa yana iya faɗuwa ya mutu. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Shi kansa Viagra na gaskiya ba ya haifar da sha'awa, yana taimaka wa miƙewa ne idan sha'awar tana nan, kuma yana iya tayar da ƙwannafi. Likita ne ya kamata ya rubuta shi.

Allurar testosteron tana da amfani ga wanda aka tabbatar nasa ya yi ƙasa, amma tana tsayar da samar da maniyyi, don haka mai neman haihuwa ya nisance ta, kuma a guji wadda ake sayarwa a bayan fage a wuraren motsa jiki. Kayan mata na ci, irin su dabino da madara da kwakwa da aya, abinci ne, matuƙar cikin ya karɓa, ko da yake madara da yawan zaƙi suna tayar wa wasu masu kolon. Na matsi ne abin tsoro, musamman ga mai shan maganin da ke rage garkuwar jiki ko mai ɓaraka a kusa da gaba, domin yana ƙona fata ya buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta.

Ni mace ce, zafi nake ji, shi ya sa na fara gudun shimfiɗa. Me zan yi?

Jiki yana koyon gudun abin da ke cutar da shi, don haka sha'awa ba za ta dawo ba sai an magance zafin. Idan a bakin gaba ne, yawanci bushewa ce, kuma man shafawa mai asalin ruwa da ake sayarwa a kowace saidaliyya yana taimakawa, tare da tsawaita wasa kafin saduwa. Kortizon da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna jawo ƙaiƙayi da farin ruwa, wanda maganinsa mai sauƙi ne. Idan kuwa zafin a can ciki ne, yana iya zama daga hanjin da ya kumbura, domin ƙarshen babban hanji yana jingine da bayan farji, ko daga taurin bayan gida, ko wata cutar mahaifa da ke kama da kolon. Wadda ta ga iska ko ƙazanta tana fita ta gaba, ko ƙurji mai yoyo a tsakanin gaba da dubura, ta je asibiti cikin gaggawa, domin ɓaraka ce kuma ana yi mata magani. Neman likita mace haƙƙinki ne, kuma a yawancin asibitocin nan ana samu idan an tambaya tun wajen yin rajista. A guji shan Brufen da Voltaren don wannan zafi, domin suna tayar da gyambon ciki da kumburin hanji.

An yi mini tiyata an maƙala mini jakar bayan gida a ciki. Zaman aure ya ƙare ke nan?

Bai ƙare ba. Bayan rauni ya warke, wanda yakan ɗauki makonni, mutane da yawa suna samun kuzarin da suka shekara ba su da shi, saboda an cire hanjin da ke shanye musu jini. A zubar da jakar kafin a kwanta, a tabbatar ta manne, a rufe ta da ɗamara ko riga mai laushi, a zaɓi kwanciyar da ba ta danne ta. Tiyatar da aka yi a can ƙasan ƙugu tana iya taɓa jijiyoyin gaba, kuma wannan yakan inganta a hankali cikin watanni, akwai kuma magani idan bai inganta ba. Ma'aikatan jinya masu kula da irin wannan jaka sun saba da tambayar. Batun alwala da salla kuwa, malamai sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalurar da ba ya iya riƙewa, sai a tambayi malamin da aka amince da shi domin zuciya ta natsu.

Yaya zan yi wa iyalina bayani, alhali mu ba mu saba irin wannan magana ba?

Shirun da ake yi don kunya ba ya zama shiru a zuciyar ɗayan, fassara yake samu. Matar da mijinta ya juya mata baya wata uku za ta ɗauka aure zai ƙara ko ta tsufa a idonsa, mijin da matarsa take ta kawo uzuri zai ɗauka raini ne ko ƙiyayya. Ba a buƙatar doguwar magana. Ya isa maigida ya ce, "Hajiya, kada ki ga kamar na canja miki, ciwon nan da maganinsa ne suka sa jikina ya mutu, kuma na gaya wa likita." Ita ma ta iya cewa, "Baban yara, ba gudunka nake yi ba, zafi nake ji, ina so ka raka ni asibiti." A faɗe ta da rana, a wajen ɗakin kwana, lokacin da babu wanda yake jiran wani abu daga wani.

Sannan a sauya tsari. Yawancin masu ciwon ciki sun fi jin daɗin jikinsu a wani sashe na yini, wasu bayan asuba, wasu bayan hutun la'asar, kuma a garuruwan da ake cin abincin dare mai maiƙo da yaji wajen ƙarfe 11, tsakar dare ita ce mafi munin lokaci. Zama kusa da juna, tausa da hira a shimfiɗa ɗaya ba tare da sharaɗin sai an kai ƙarshe ba suna cire fargabar da ita kanta take kashe sha'awa. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya sani malaman fiƙihu sun yi bayani cewa adalcin da aka wajabta a rabon kwana na kwanan ne da zama, ba a ɗora masa abin da jikinsa ya gaza ba, matuƙar bai ƙaurace wa ɗaya da gangan don ya tara wa ɗayar ba. Kada ya daina zuwa ɗakin kowacce saboda kunya, kuma kowacce ta ji bayanin daga bakinsa.

Iyalina suna gida Najeriya, hutuna ya kusa, ina cikin fargaba. Yaushe abin zai dawo?

Ya danganta da dalili. Idan maganin da ke ɗaga furolaktin ne, makonni kaɗan bayan janye shi. Idan ƙarancin jini ne, wata ɗaya zuwa uku bayan an cike ƙarfen. Idan kortizon ne, yakan bi sawun raguwar awon. Idan damuwa ce ta yi kanta, yana buƙatar nasa maganin da haƙuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a ga likita wata biyu ko uku kafin hutu, a yi tahlil, a tanadi maganin da zai isa har a dawo tare da takardar likita, a kuma tambayi yadda za a riƙe allurar da ke buƙatar sanyi a hanya da inda wuta ba ta tsayawa. Mai cutar Kuron da ke shan taba ko shisha ya sani hayaƙi yana tayar da ciwonsa, yana kuma toshe jijiyoyin da gaba ya dogara da su.

Ina zan kai wannan magana, kuma wace alama ce ba ta jira?

A kai ta ga likitan hanjin da ya rubuta maganin, ko likitan iyali a cibiyar lafiya ta unguwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma matan Ansar an yabe su ne saboda kunya ba ta hana su tambayar hukuncin addini a kan abin da ya shafi jikinsu ba. Wanda harshensa ya yi nauyi ya rubuta a takarda ya miƙa, wanda Larabcinsa bai kai ba ya nemi tafinta jinsinsa, kada ya sa ɗansa ko 'yarsa. A zuba duk magungunan da ake sha a leda a tafi da su, har da na gargajiya da wanda aka aiko daga gida, a kuma tuna watan da abin ya fara. Layin 937 na ma'aikatar lafiya yana ba da shawarar likita dare da rana.

Alamun da ba su jira su ne: baƙin bayan gida kamar kwalta ko jini mai yawa, aman jini, rama ba dalili, zazzaɓi ga mai shan maganin rage garkuwa, ciwon kai mai naci tare da dusashewar gani da ruwan nono, ciwon ƙirji lokacin saduwa, miƙewar da ta wuce awa 4, da baƙin cikin da ya kai mutum ga tunanin cutar da kansa. A irin waɗannan a tafi sashen gaggawa nan take, ko a kira motar asibiti ta 997.